Hancin Gas a Ɗakin Girkin Yaya Hawa

Ku kife wayoyin nan tukuna, ku samarin bes, 'yan majalisa masu ɗumama benci, tunda ku kuka tsokano ni. Shekaranjiya ina wucewa na ji kuna cika baki wai kun buɗe kamfani. Kamfanin me? Wai na kafa ƙararrawar gas a gidajen mutane. Ka latsa waya, a turo maka kwali daga Sin, ka ɗauki guduma ka buga ƙusa inda hannunka ya kai, ka ɗauki hoto kana ɗaga yatsu biyu, shi ke nan an zama injiniya. Har da kati kuka buga mai sunan Turanci. Mtsw! Na tambayi mai jar hular nan abin da ke cikin robar da yake tallatawa, ya ce mini, "Baba, sensa ne." Na ce na ji, to mene ne a cikin sensan? Ya sosa ƙeya ya ce, "Cale, Baba, yana aiki dai." Ko Hausar kirki babu a bakinsa, balle a kai ga sanin sana'a.

To ni Idi na san abin da ke ciki, don da hannun nan na yi shekara goma sha huɗu ina shuka shi. Kuma ba don in burge ku zan ba ku labarin ba. Kun san yayata, Yaya Hawa mai wakye a nan Nima, wadda shinkafa da wakenta ke tara layi tun da safe. A lokacin da nake magana mata bakwai ke aiki a ɗakin girkinta, ɗaki mai ƙofa ɗaya da 'yar taga, da manyan silindar gas huɗu jere a jikin bango. Duk wahalar da na sha a kan abin nan, burina ɗaya ne, kada wuta ta taɓa matan nan.

Ba a makaranta na fara ba. A Kawukudi na fara, a rumfar Masta Garba mai gyaran risho, wani Bazabarme mai ƙarancin magana, Allah ya jiƙansa. Aikin farko da ya miƙo mini shi ne in zare tsofaffin lagwani daga rishon kananzir in zura sababbi, kowanne tsayinsa daidai da ɗan'uwansa. Na ce a raina wannan ai wasa ne. Na gama na kawo, ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya a gefe ɗaya, ja a ɗaya gefen. Ya zare su duka ya watsa mini a cinya. Sau biyar ya yi mini haka a ranar, ina haɗiye hawaye, masu jiran trotro, motar haya, suna kallo. Ku da ko mahaifinku ya ce ku sake abu sai kun kumbura baki, da kun kwana biyu a rumfar nan? Ina!

Da gas ya fara shiga gidaje muka koma gyaran bona, wato kan murhun gas, da regileta ta bakin silinda, da tiyo. Kayan aikin ba su da yawa: sifana, filaya, 'yar allurar buɗe idon bona, sai kofin ruwan sabulu da soso. Ruwan sabulun nan shi ne uban kayan aiki. Ka shafa shi a kowace mahaɗa ka zuba ido, inda ya kumbura ya yi ƙwai, nan gas ke fita. Masu kawo aiki kuwa, Allah dai ya shirya. Wani Alhaji a Kotobabi ya aiko wai yana jin wari a kicin. Muna isa muka same shi tsugune, ya ƙyasta ashana yana bin tiyo da ita a hankali, wai yana neman inda ya huje. Masta ya make masa hannu kamar ɗan yaye, da haƙorin Makkansa da komai. Alhaji ya fusata, ya ce shekara nawa yana yin haka ba abin da ya same shi. Masta ya ce, "Sau ɗaya ake samu, Alhaji." Iyakar doguwar maganar da na ji ya yi a shekarar ke nan.

Wani aikin bututu ne ya kai ni ɗakin bincike, can bayan gari, trotro biyu daga nan. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Na haɗa musu bututun gas na teburansu, na bi kowace mahaɗa da sabulu, na dawo farko na sake bi. Wata gajeruwar mace mai farin tabarau tana tsaye tana kallona. Ita ce Dakta Afuwa, shugabar ɗakin, Batoniya 'yar Kumasi. Ta tambaye ni dalilin bi sau biyu. Na ce mata da Tonanci, yarensu, na farko na mai aiki ne, na biyu nawa ne, don in sami barci. Ta ce in zo ranar Litinin, tana neman mai wanke-wanke.

Wanke-wanke! Ni da gemuna da 'ya'yana uku. Na je dai. Abin da ake wankewa 'yan gutsattsarin farin tangaran ne, kowanne bai kai farcen babban yatsa ba, a fuskarsa an zana siraran layukan zinariya kamar haƙoran mataji biyu da suka shiga juna ba su taɓa ba. Ruwa uku ake bi da su: irin ruwan da mata ke goge jan farce da shi, sai sipirit, sai tataccen ruwa. Da hantsaki ake ɗauka, da safar hannu. Wata rana na ci ƙosai a hanya, na wanke hannu da sabulu tas, wani tangaran ya karkace a faranti na gyara shi da ɗan yatsa. Taɓawa ɗaya. Bayan kwana biyu Dakta ta kira ni, ta sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce in leƙa. Ga zanen yatsana raɗau, ko'ina abin da ake shukawa ya tsiro ban da inda na taɓa. Ta ce, "Idi, an gode da sa hannu." Wata huɗu ta ƙara mini a bakin famfo kafin ta bar ni in taɓa kwalbar magani.

Yanzu ku buɗe kunne. Akwai wani farin gari, zink oksaid sunansa. Ba baƙo ba ne, shi ne a cikin farin man da ake shafa wa jarirai in ƙunzugu ya ci musu cinya. Naku na kwali galibi da ɗan'uwansa na kuza ake yi, amma halinsu ɗaya. Mu ba shafa garin muke yi ba, shuka shi muke yi. A ɗiga wa tangaran ruwan iri, a gasa, a sake ɗigawa, a gasa, har sau uku. Sannan a haɗa magani biyu a tataccen ruwa cikin kwalba mai murfi, a jingine tangaran a ciki fuskarsa na kallon ƙasa, don kada garin da ke kwantawa ya zauna masa. A sa a obin, zafin ya kusa tafasa amma kada ya tafasa, awa biyar cur. A fitar, a ɗauraye, a kai tanda mai zafin da ya ninka na mai burodi. Bayan duk wannan wahala, in ka duba da ido ba ka ganin komai sai ɗan fari-fari, kamar an hura wa madubi numfashi.

Ranar da aka dawo da hotonsa daga babbar na'urar da ke gani da lantarki, sai da na yi salati. Sanduna ne tsaye cunkus, kowacce gefe shida kamar fensir. Dakta ta ce sai ka tsaga gashin kai gida ɗaruruwa kafin ka sami kaurin ɗaya. Wannan ƙanƙantar ita ce nano da kuka rubuta a katinku ba ku san ma'anarta ba. Amfaninta kuwa, gas fata kawai yake taɓawa, ba ya shiga ciki. Dunƙulen abu fatarsa kaɗan ce, siraran sanduna masu yawa kuwa kusan duk jikinsu fata ne. A bayan tangaran akwai 'yar waya da ke gasa shi kullum. In ya yi zafi, iskar da muke shaƙa takan zauna a jikin sandunan ta tare wa lantarki hanya. Gas na zuwa sai ya kwashe ta, lantarki ya sami hanya ya ƙaru, ƙararrawa ta fasa ihu. Shi ya sa muke ce masa hanci.

Amma hanci ne marar hankali, sai an hore shi. Akwai akwatin gilashi da muke gwaji a ciki. A rufe shi ruf, a auna gas da sirinji a tura, a zuba wa mita ido, a rubuta. A buɗe, a bar iska ta wanke shi, a ga ko ya koma inda yake. Safe da yamma, sati da sati. Wata Litinin wani ɗalibi ya shigo ya yi wanka da turare, hanci shida da ke kan tebur suka ɗauka gaba ɗaya, Dakta ta kore shi har bakin titi. Da damina laima ta sa su kasala, da rani su yi rawar kai. Sai ka san halin kowanne kamar akuyar gidanku kafin ka ce ya isa ya tsare ran mutum. Na ga yadda kuke naku gwajin. Ku danna masa laita a baki, ya yi ƙara, ku tafa. Haba! Ko mai mura ka tura wa laita a hanci ai zai ji. Abin da ake nema shi ne ya ji gas tun yana kaɗan, tun bai kai ya kama wuta ba.

Sai shekarar dumso ta zo, wadda ake ɗauke wuta a kawo, a ɗauke a kawo, har mutane suka daina ihun murna in ta dawo. Ku kuna tunawa da ita don wayoyinku sun mutu. Mu gonarmu ce ta mutu. Ka yi kwana biyu kana wanki da sa iri, ka sa kwalba a obin, awa ta uku wuta ta ɗauke ɗif. Ruwa ya huce, sanduna su tsaya a guntaye, wasu su kwanta, a kwashe a zubar. Janaretan wurin yau lafiya gobe ciwo. Ɗaliban da suka zo da jakunkunan kwamfuta suna aikena sayen ruwan sanyi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma binciken da ake yi a takarda kawai. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, su kuwa so suke a kawo musu zomon a faranti da cokali.

Na sami Dakta na ce mata, "Madam, abin da kwalbar nan ke so zafi ne da ba ya hawa ba ya sauka. Ba ruwanta da inda ya fito. Ki bar ni in kawo tukunya." Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce nan ɗakin bincike ne, ba wurin dama koko ba. Da aka zubar da kashi na huɗu a jere, ita da kanta ta ce, "Idi, ina tukunyar taka?" Na ari babbar tukunyar alminiyam a wurin Yaya Hawa, na cika ta da ruwa, na zaunar da kwalbar a ciki kan ɗan katako, na rataya ma'aunin zafi, na kunna bona a bayan ɗakin. Awa biyar ina kan kujera 'yar tsuguno, ido a kan ma'auni, yatsa a kan makunni, in ɗan ɗaga in ɗan sauke. Azahar ma a gefen tukunyar na yi ta, ina sallamewa na kai hannu. Yatsun da aka hora da lagwani su suka yi aikin, ba digiri ba. Da wuta ta dawo da la'asar muka ruga da su tanda. Tangaran goma sha biyu na sa, tara suka rayu, kuma Dakta ta ce tun da aka buɗe ɗakin ba a taɓa shuka masu kyansu ba.

Aka sa su a 'yan akwatunan roba masu ramuka, da ƙararrawa da batir da 'yar koriyar fitila, aka yi wata biyu ana gwada su. Da aka zo maganar kai su wuraren girki na gaske a ga yadda za su yi, na ce ɗaya na Nima ne, ko a mutu ko a yi rai. Na san ɗakin Yaya. Regileta in ta saki matan ba sa faɗa, sai su ɗora mata dutse a kai su ci gaba da aiki. Ga ƙamshin shito, miyar nan mai barkono, da soyayyen kifi ya cika ɗakin, hancin mutum ba ya jin wani abu bayansu. Dakta ta ba ni wanda ya fi duka ji. Ta biyo ni har ƙofa tana cewa, "Ƙasa, Idi. Taƙi ɗaya daga daɓe." Na ce, "Madam, ni za ki gaya wa?" Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya fita ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya ya malala kamar ruwa. Wannan tun ina rumfar Masta na san shi.

Ranar Asabar da hantsi na je. Na tsuguna kusa da silinda na auna taƙi ɗaya, na sa ƙusa, na ɗaga guduma. Sai na ji muryar Yaya a kaina.

"Idi, me kake yi a ƙasa kamar mai neman allura?"

"Nan ne wurinsa, Yaya."

"A ƙasa? Abin da masu ilimi suka yi? Inda muke watsa ruwan wanke-wanke sau uku a rana? Kai, tashi. Ga wuri can kusa da agogo, kowa ya leƙo ya gani."

Na ce, "Yaya, gas ƙasa yake bi."

Ta ce, "Hayaƙi sama yake yi tun kafin a haife ka. Ni da na goye ka ina dama koko za ka koya wa kicin?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ku da kuke ce wa iyayenku "cale" kamar abokan wasanku ba za ku gane ba. Uwarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ce ta goye ni, ita ta kama hannuna ta kai ni wurin Masta da goro a ƙwarya. Ban taɓa ce mata a'a a gaban mutane ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Kuma maganar ruwa gaskiya ce, in aka watsa masa bokiti ya mutu. Na ce a raina bari in rataye shi sama yau, Asabar mai zuwa in ƙero masa 'yar rumfar kwano in sauko da shi. Na hau kujera na buga ƙusa a gefen agogo, sama da kaina.

Ina saukowa Mariya ta shigo daga waje da tire a hannu. 'Yar Bawku ce, ta fi kowa daɗewa a wurin Yaya, ita ke kunna wuta kullum. Ba ta ji gardamarmu ba. Ta ɗaga kai ta ce, "Kawu Idi, wannan ne abin? A can sama ma zai ji?"

Yaya tana tsaye tana kallona. Na ce, "Zai ji."

Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Rumfar kwanon na ƙera ta, tana cikin jakata. Amma duk ranar da na je cin wakye sai in tarar Yaya ta jawo wani babban mutum har ƙofar kicin tana nuna masa koriyar fitilar, tana cewa, "Ƙanena ne ya yi shi, a tukunyata." A juyo a dube ni, a ce sannu injiniya, a ƙara mini ƙwai da taliya a kwano. Wallahi daɗi nake ji. Ni da aka yi shekaru ana kira mai wanke kwalba, ga shi ana ba ni hannu biyu. Sai in taɓa jakar in ce sai wani satin. Kada ku yi murmushi, irin ciwonku ne, ku a kati ni a bakin Yaya. Dakta ta tambaye ni sau ɗaya yadda na Nima yake, na ce lafiya lau, ban ƙara komai ba.

Wata Laraba ce, wajen ƙarfe goma na safe, ina can ɗakin bincike ina wanki. A kicin ɗin Yaya an sauke tukunyar farko an kashe wuta, aka canza silinda ɗaya da ta ƙare. Regileta ba ta zauna ba, aka ɗora mata dutse kamar kullum. Iskar hadari ta taso, wata daga cikin matan ta ja ƙofar kicin ta rufe, duka suka fita gaba suna sallamar layi da kare kwanuka. Kusan rabin awa ɗakin na rufe. Sai aka ce Mariya ta je ta ɗora tukunya ta biyu. Ta shiga, ta ɗaga kai ta ga fitila koriya, kamar yadda ta gaya wa Yaya daga baya, ta sunkuya ta ƙyasta ashana.

Na waje sun ce ƙarar ba ta da yawa, bum ɗaya, ƙofa ta bugi bango. Wutar kuwa ƙasa ta bi, ta kama zanenta daga ƙafa zuwa cinya. Wani tela maƙwabcinsu ya yi ta maza ya jawo ta ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, wani ya jefa wa silindar bargo mai ruwa ya fizge regileta. Allah ya sa silinda ba ta fashe ba. A lokacin ne, da hayaƙi ya kai agogo, hancina ya fara ihu. Da na iso a kan babur an riga an tafi da Mariya asibiti, shi kuwa yana nan yana ta yi, ba wanda ya san yadda ake kashe shi.

Yaya na zaune a kan benci ba ɗankwali, tana ta faɗin ƙaddara ce, ƙaddara ce, maƙwabta suna taya ta. Na yi imani da ƙaddara, amma na san wanda ya riƙe guduma. Na hau kujerar nan dai na ciro shi, robar ta yi baƙi ta ɗan narke a gefe.

Washegari na sa shi a akwatin gwaji. Gaskiya in faɗa muku, fatana ya ƙi ji, in ce kayan ne suka lalace, ko laima ce, ko man girki ne ya toshe shi. Tir da ni. Na auna gas ɗan mitsitsi a sirinji, ƙasa da abin da ke kama wuta nesa ba kusa ba, na tura. Ban cire yatsa daga sirinjin ba ya ɗauka. Na wanke shi da iska na sake, ya sake ɗauka. Dakta na tsaye a bayana. Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. A ina ka kafa shi?" Na ɗaga hannu sama da kaina na nuna mata. Ta daɗe tana kallon hannun. Ba ta kore ni ba, ba ta zage ni ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Je ka gaya wa matar."

Wata biyu Mariya ta yi a asibiti. Ta rayu, amma fatar ƙafafun ta ɗaure, gwiwa ba ta miƙewa sosai, in ta ɗan tsaya sai ta nemi wurin zama. Mai aikin wakye kuwa da ƙafa take cin abinci. Na yi ta kai-kawo a bakin asibitin ina aika gaisuwa, na kasa shiga. Sai da aka sallame ta na ɗaure na je Mamobi, ɗakinta ɗaya a cikin gidan haya. Na same ta a kan tabarma a bakin ƙofa tana tsince wake a tire, ƙafafun a miƙe, ta janye zane zuwa gwiwa don su sha iska. Na gaishe ta, na ajiye ledar lemo, na rasa inda zan sa idona.

Ita ta fara magana. "Kawu Idi, ka rame. Hajiya Hawa ta ce ba ka cin abinci. Kar ka sa damuwa, abinka yana aiki fa. Ka ce zai ji, kuma ya ji. Lokacin da ake fita da ni na ji shi yana kuka, wallahi da ƙarfi. Gas ɗin ne ya yi sauri."

Na ce, "Mariya, gas bai yi sauri ba. Rabin awa yana kwance a ƙasa. Abin nan a ƙasa ya kamata in kafa shi, da ya yi ihu tun kina waje. A sama ba ya ji sai wuta ta riga ta tashi."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "Daga baya ka gane?"

"A'a."

"Ranar da na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani."

Ta dube ni, ta dubi ƙafafunta. Ta sa hannu biyu ta jawo zanen a hankali ta rufe su har idon sawu, ta mayar da kai kan tire.

"To, Malam," ta ce, "ka gai da gida."